Bashin gajeren wa'adi da ke hannun baƙi: wace ƙasa ce ta fi kusa da bakin rami?

Bazazzagi_82:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni malamin makaranta ne, ba ɗan banki ba, don haka a bi da ni a hankali. Jiya bayan Isha'i gardama ta kaure a majalisarmu. Wani abokinmu ya ce takardun bashin gwamnati na gajeren wa'adi, irin na wata 3 zuwa shekara 1 ɗin nan, waɗanda 'yan ƙasashen waje suka saya, na Amurka kaɗai sun haura dala tiriliyan 1, namu kuwa ko ƙurar wannan ba su sha ba. Ya ce to me ya sa kullum mu ake tsoratarwa da cewa baƙi za su kwashe kuɗinsu naira ta faɗi, Amurka kuma ba wanda ya ce mata uffan? A ganinsa duk farfaganda ce. Na rasa abin da zan ce masa. In za a jera ƙasashe a kan wannan bashi, da wane ma'auni ake aunawa?

DanWapa:
Wa alaikumus salam Malam. Ka ce wa abokin naka ya zo Wapa ya zauna a bencinmu sati ɗaya ranar da baƙin suka fara fita, zai ga farfaganda da idonsa.

Tsohon_Banki:
Malam Bazazzagi, abokinka bai yi ƙarya a lissafi ba, a fassara ya kuskure. Bari in faro daga tushe.

Gwamnatin Najeriya tana sayar da takardun baitulmali, waɗanda mu a banki muke ce wa tireshari bil, na kwana 91, 182 da 364. Babban Banki ne ke yin gwanjonsu a madadin ofishin kula da bashi, DMO. Da naira ake saye, da naira ake biya. Baturen da ke zaune a Landan ba shi da naira. Sai ya kawo dala, ya canza, bankinsa na nan ya ba shi takardar shaidar shigo da jari, CCI, ya sayi takardar. Ranar da wa'adi ya cika sai a zuba masa naira a asusu. To me zai yi da ita? Ba zai sayi masara a Dawanau ba. Ko dai ya sake sayen wata takardar, ko ya ce a ba shi dalarsa ya tafi. Ka ga bashin a rubuce na naira ne, amma ranar tafiya dala ake nema a wurinmu, mu kuwa ba ma buga dala.

Ita Amurka fa? Wanda ya sayi takardarta ta mako 4 ko mako 13 ko mako 52, in wa'adi ya cika dala za a ba shi, ita ce kuma abin da yake so tun farko. Ba ya bukatar zuwa wurin ɗan canji. Abin da ya fi wannan ban mamaki ma, duk ranar da duniya ta rikice, kuɗin da ke gudu daga wurinmu cikin takardun Amurka yake shigewa ya ɓuya. Abu guda ne a suna, amma namu yana zuba lokacin da nasu ke cika.

Sarkin_Shakka:
Ai China ce ke riƙe da bashin Amurka duka. Ranar da ta ga dama ta ce a biya ta, shi ke nan an rufe shago.

Malam_Lissafi:
@Sarkin_Shakka wannan maganar ta tsufa. Japan ce ta ɗaya a cikin baƙin da ke riƙe da bashin gwamnatin Amurka, tana da sama da dala tiriliyan 1. China ta kai wajen tiriliyan 1.3 a 2013, daga nan take ta raguwa, har Birtaniya ta wuce ta a 2025. Kuma akasarin abin da waɗannan ƙasashe ke riƙe da shi na dogon wa'adi ne, ba irin wanda Malam ya yi tambaya a kai ba. Ba ta da ikon cewa a biya ta gobe, sai dai ta sayar a kasuwa, in ta sayar da yawa lokaci guda farashin ya karye a hannunta.

Kan tambayar asali kuwa, akwai ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi. A 1999 wani jami'in ma'aikatar kuɗi ta Ajantina, Pablo Guidotti, da shugaban babban bankin Amurka na lokacin, Alan Greenspan, suka kawo shawarar cewa ajiyar kuɗin waje ta ƙasa ta kai aƙalla adadin duk bashin waje da za ta biya cikin shekara 1. Wato a ce an rufe mata ƙofar rance tsawon wata 12, ta iya sallamar kowa. Don haka ba girman bashin ake kallo ba. Ana ɗora shi ne a sikeli, ajiya a ɗaya hannun.

Bazazzagi_82:
To Malam Lissafi, mu ajiyarmu ai ana cewa ta kai dala biliyan 40 a ƙarshen 2024. Ashe ke nan muna da sauƙi.

Malam_Lissafi:
A nan ma akwai wata ƙura. Biliyan 40 ɗin jimla ce, har da dalar da Babban Banki ya karɓa aro daga bankuna da wadda ya yi alkawarin bayarwa nan gaba. Bankin da kansa ya fito a 2025 ya ce in aka cire waɗannan, tsabar abin da ya rage a ƙarshen 2023 bai cika dala biliyan 4 ba, a ƙarshen 2024 kuma ya hau zuwa biliyan 23 da ɗoriya. Duba tazarar da ke tsakanin abin da ake gani a allo da abin da ke cikin aljihu a 2023. Rumbu ne a cike, amma yawancin damman na maƙwabta ne da suka ba ka ajiya.

Dalibin_Azhar:
Ni na gani da idona a Masar, ba labari aka ba ni ba. Na zo Alƙahira dala tana fam 15 da 'yan kai. Tun bayan da suka saki fam a Nuwamban 2016, ta tashi daga ƙasa da 9 zuwa wajen 18, baƙi suka yi ta tururuwa cikin takardun baitulmalinsu saboda ruwan yana da tsoka kuma fam ɗin ta tsaya wuri guda shekaru. Kowa yana yaba musu. Sai yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022. Cikin 'yan makonni wajen dala biliyan 20 ta fice. A Maris aka karya fam, aka sake a Oktoba, aka sake a Janairun 2023 ta kai 30. Kaya suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa babu dalar fito da su, abincin kaji ya yi wuya har masu kiwo suna hallaka 'yan tsaki. A farkon 2024 a bayan fage ana sayar da dala wajen fam 70.

Mu ɗalibai da ake turo wa dala daga gida, gaskiya da fari mun ji daɗi, kuɗin haya ya zama kamar kyauta. Daga baya masu gidaje suka farka, farashin komai ya biyo mu.

Ministan kuɗinsu na lokacin, Mohamed Maait, ya fito fili ya ce sun koyi darasi, ba za su ƙara dogara da irin wannan kuɗi ba, domin sau uku yana guje musu: 2018, 2020, da 2022. To ranar 6 ga Maris 2024 aka ƙara ruwa da maki 6 a zama ɗaya, aka saki fam ta kai kusan 50, ga kuɗin cinikin filin bakin teku na Ras El-Hekma dala biliyan 35 daga Daular Larabawa, ga IMF ta ƙara nata zuwa biliyan 8. Wa ya fara sallama a ƙofa? Baƙin nan dai. Kuma aka shimfiɗa musu tabarma.

DanWapa:
Hahaha. Mu a nan kuɗin ci-rani muke ce masa. Da kaka ya zo, da gajimare ya haɗu ya naɗe tabarmarsa.

Hajiya_Kwari:
Ɗan Wapa, ai ɗan ci-rani ya fi shi amana, shi ko ba komai yana yi maka sallama kafin ya tafi. A 2020 na biya wani banki naira don a tura wa masu kayana dala a Guangzhou. Wata biyar ina zarya. Yau a ce gobe, gobe a ce jibi. Wani yaro a bankin ya ja ni gefe ya ce Hajiya, layin da kike ciki har Turawa masu biliyoyi suna cikinsa, su ma sun maƙale. A ƙarshe na karɓi kuɗina na saya a kasuwa da tsada, ribar kwantena guda ta tafi a haka.

Tsohon_Banki:
Yaron ya gaya miki gaskiya Hajiya. A Oktoban 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin gida sayen takardunsa na OMO, wato gajerun takardun bashin da shi kansa yake sayarwa don janye naira daga kasuwa, ya bar wa bankuna da baƙi kawai. Kuɗin 'yan gida, musamman na fansho, sai ya koma kan takardun baitulmali, ya yi musu yawa har ruwansu ya faɗi ƙasa da kashi 1 a ƙarshen 2020, alhali baƙi suna samun nasu mai kauri a OMO. Da korona ta zo mai ya karye, baƙin suka ce za su fita, babu dala. Wasu sun fi shekara a layi. Wannan tarin alƙawarin dala shi ne ya girma har ake maganar biliyan 7 lokacin da Cardoso ya karɓi bankin a Satumban 2023.

Ga wani abu da zai amfani mai tambaya. In ka buɗe rahoton DMO, takardun baitulmali suna ƙarƙashin bashin cikin gida ne, ko da Bature ne ya saya. OMO kuwa ba ya cikin rahoton sam, domin bashin Babban Banki ne ba na gwamnati ba. A tsarin IMF da Bankin Duniya kuma ba a duba kuɗin da aka ci bashin da shi, ana duba inda mai bin bashin yake zaune. In a waje yake, bashin waje ne. Sannan a jadawalinsu layin gwamnati daban, layin babban banki daban. Wanda ya karanta layin gwamnati kaɗai zai ga Najeriya fes, ya yi ta murna, bai san kayan suna ɗaya ɗakin ba.

Bazazzagi_82:
Kai! Wato ko adadin da abokina ya kawo na Najeriya ma wataƙila rabin labari ne.

Sarkin_Shakka:
Shi ya sa ban yarda da alƙaluman kowa ba. Ku duba jerin masu riƙe da bashin Amurka, za ku ga Beljiyam, Lukzambog, Ayalan, da tsibiran Cayman a sama-sama. Mutum nawa ne a Cayman?

Malam_Lissafi:
A nan kam na ba ka, @Sarkin_Shakka. Ana rubuta wurin da aka ajiye takardar ne, ba ainihin mai ita ba. Beljiyam tana da Euroclear, inda duniya ke ajiye takardu. Cayman da Lukzambog da Ayalan kuma can kamfanonin zuba jari ke yin rajista. Kuɗin ɗan Amurka ma yana iya zagayawa ta Cayman ya dawo a lissafa shi baƙo. Mu ma haka ne. Rahoton hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, kullum yana nuna Birtaniya a kan gaba wajen shigo da jari, amma wa ya ce duk na Turawa ne? Akwai na 'yan gida da ya fita ya sa kwat ya dawo.

DanZongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi, 'yan'uwa. Ku bari in ɓata muku lissafi kaɗan. A Gana doka ba ta yarda baƙo ya sayi takardar baitulmali ba, sai takardar shekara 2 zuwa sama. In kun jera ƙasashe a kan abin da Malam ya tambaya, Gana za ta fito kamar ba ta da laifi. Amma wa ya kasa biyan bashi a Disamban 2022? Mu. Kuɗinmu sidi ta zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54, ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya kawo shirin musanya bashin cikin gida, aka dakatar da biyan Yurobond, wato bashin dala da aka ci a kasuwar duniya. Tsofaffin 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta je ta zauna da su. Abin dariyar, takardun baitulmali ne kaɗai ba a taɓa ba, domin da su gwamnati ke numfashi mako-mako, tana biyan ruwa wajen kashi 35. Saboda haka ƙofar da kuke gadi ba ta nan ɓarawo ya shigo mana ba.

Tsohon_Banki:
Wannan gyara ne mai kyau, ɗan'uwa. Kuma ya taɓo wani abu: takardar shekara 10 da saura wata 4 wa'adinta ya cika, a jadawali ana kiranta ta dogon wa'adi, amma a aljihun minista ta gajere ce. Sannan baƙon da ke riƙe da ta shekara 5 ba sai ya jira ba, yana iya sayarwa a kasuwa yau ya nemi dala gobe. Bambancin kawai shi ne shi zai ɗauki asarar karyewar farashi.

Ummu_Khalil:
Ina ta karantawa tun ɗazu, ba wanda ya ce komai a kan hukuncin abin. Wannan ba riba ba ce tsagwaronta? Ka ba da 800 a dawo maka da 1,000 bayan shekara. Muna ta auna wace ƙasa ta fi iya cin riba lafiya.

Malam_Lissafi:
Malama Ummu, ba na jin akwai wanda ya ce a je a saya. Amma ko ba ki taɓa riƙe takardar ba, ita tana riƙe da ke, domin farashin shinkafa da maganin da kike saye yana bin dala, dala kuma tana bin shigar mutanen nan da fitarsu. Sanin yadda kura ke farauta ba cin mushe ba ne.

Misalinki ma daidai yake da yadda ake yi. Ana zare ruwan tun farko. In aka ce kashi 20 a takardar kwana 364, wajen 800,000 za ka biya a kan miliyan 1, don haka ainihin abin da ka samu a kan kuɗinka ya kusa kashi 25. Mutane da yawa suna kwatanta na Najeriya da na wata ƙasa ba su san wannan ba. A Masar kuma ana cire harajin kashi 20 a kan ruwan, shi ma sai an lissafa.

Ummu_Khalil:
Na ji. To amma babu madadi ne? Sukuk fa? Na ga allunansa a kan tituna.

Alaramma_Online:
Akwai, Malama. Sukuk takardar zuba jari ce irin ta Musulunci, riba ko haya ake samu a kanta maimakon ruwa. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko a 2017 aka yi, naira biliyan 100, shekara 7, aka zuba a tituna. Sai dai shi dogon wa'adi ne. Na gajere ma akwai masu yi: Bahrain tana fitar da sukuk na salam na kwana 91, Gambiya ma babban bankinta yana yi. Akwai kuma hukumar IILM a Kuala Lumpur da ke fitar da gajeren sukuk na dala, Babban Bankin Najeriya yana cikin waɗanda suka kafa ta a 2010. Amma in faɗi gaskiya, ta fuskar tambayar Malam Bazazzagi wannan bai canza komai ba. Baƙon da ya sayi sukuk na wata 3 da naira, ranar fita dala zai nema kamar kowa. Halaccin ciniki daban, ƙarancin dala daban.

DanMaradi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Mu namu wani iri ne, ban san layin da za ku sa mu ba. Nijar tana saida takardunta ta hannun UMOA-Titres, kasuwa guda ta ƙasashe 8 masu sefa. Masu saye bankuna ne na Abijan, Dakar, Lome, Kwatano, Wagadugu. A lissafi baƙi ne tunda ba a Nijar suke ba, amma kuɗinmu guda, kuma sefa a ɗaure take da yuro, 655.957. Ke nan maganar Tsohon Banki ta cewa baƙo zai nemi dala ranar fita ba ta shafe mu ba. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sa takunkumi, babban bankin ƙasashen sefa, BCEAO, ya rufe asusun gwamnati, aka hana mu shiga kasuwar. Wa'adi yana cika, ba hanyar biya, ba hanyar sake rance. Abin da aka kasa biya ya haura sefa miliyar 300 kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, a Afrilu muka koma kasuwa. Mali ma haka ta gani a 2022. Mu ba baƙin ne suka gudu ba, ƙofar aka kulle da su da mu duka.

Bazazzagi_82:
Jama'a kun ƙara rikita ni. Gana ba ta da shi ta faɗi, Nijar kuɗinta ɗaya da masu binta ta kasa biya, Amurka ta fi kowa ba abin da ya same ta. To shi bashin nan yana da laifi ko ba shi da shi?

Tsohon_Banki:
Yana da shi, Malam, sai dai shi ba ya haƙa ramin, turawa yake yi. Meziko a 1994 ta ga baƙi suna ɗari-ɗari da takardun peso, sai ta ba su wasu gajeru da aka ɗaure da dala, Tesobono. Kafin ƙarshen shekara abin da ake binta a kansu ya kusa dala biliyan 30, ajiyarta kuma ta zube zuwa wajen biliyan 6. Sai da Amurka da IMF suka haɗa mata wajen biliyan 50. Rasha kuma a ranar 17 ga Agusta 1998 ta ce ba za ta biya gajerun takardunta na GKO ba, alhali da rubul ɗinta aka ci bashin. Wannan ya kamata ya sa mai cewa bashin naira ba ya kashe mutum ya sake tunani. A duka biyun da ma akwai giɓi a kasafi da kuɗin da aka riƙe da ƙarfin tsiya. Gajeren bashin shi ya mayar da ciwon shekara uku ya zama na mako uku.

'YarGombe_Tech:
Wani abu da ba ku lura ba. Duk wanda ke ajiye USDT, kuɗin kirifto da aka ɗaure da dala, a wayarsa don gudun faɗuwar naira, shi ma yana cikin wannan lissafi. Tether, kamfanin da ke fitar da shi, tana zuba mafi yawan ajiyarta ne a takardun baitulmalin Amurka, sama da dala biliyan 100. Wato yaron da ke Fantami da USDT 200 yana ranta wa Amurka kuɗi ta bayan gida, kuma ko sisi na ruwan ba ya zuwa hannunsa. Mu a 2024 muna biyan baƙi sama da kashi 20 don su kawo mana dala, 'ya'yanmu suna kai tasu can kyauta.

DanWapa:
Yarinyar nan kin taɓa mini inda ke ƙaiƙayi. Rabin kwastomomina matasa sun koma can.

Hajiya_Kwari:
Ni tambayata ɗaya. Tunda an san halinsu, me ya sa ba za a hana su ba? An kai ruwan Babban Banki kashi 27.5 a 2024 don a jawo su. Ƙanena mai ƙaramin kamfanin leda a Sharaɗa ya je neman rance aka ce masa sama da kashi 30. Wace sana'a ce ta halal ke kawo wannan? Ana yi wa baƙo yanka, 'yan gida suna kwana da yunwa.

Malam_Lissafi:
Hajiya, an gwada a wurare. Chile daga 1991 zuwa 1998 ta ce duk wanda ya shigo da irin wannan kuɗi sai ya ajiye wani kaso, ya kai har kashi 30, a babban banki shekara guda babu ruwa. Mai niyyar wata 3 sai ya ga ba riba, mai niyyar shekara 5 bai damu ba. Brazil ta sa haraji a ƙofar shiga, kashi 2 a 2009, ta kai shi 6 a 2010. Firaminista Mahathir na Malesiya a Satumban 1998 ya kulle ƙofar fita shekara guda, aka yi ta zaginsa, ƙasar kuma ta farfaɗo. Amma lura, Chile da Brazil sun yi ne lokacin da kuɗi ke yi musu yawa. Mai ƙoshi ne ke zaɓen baƙo. Mu a 2024 nema muke.

Kuma ba kullum baƙon ke ci ba. A ce wani ya kawo dala miliyan 1 a farkon 2023 a kan 460, ya samu naira miliyan 460, a ce ya ci kashi 10, ta zama 506. Ya zo fita dala ta kai 1,500. Abin da zai tafi da shi bai kai dala 340,000 ba. Wanda ya shigo a kan 1,600 kuwa, ya ci kashi 25, ya fita a kan 1,550, ya tashi da kusan miliyan 1.3. Wanda aka ƙona a zagayen farko shi ke sa wa na biyu farashi.

Hajiya_Kwari:
Allah ya ƙara. Ai mu ma an ƙona mu ba wanda ya yi mana jaje.

Sarkin_Shakka:
A watanni 3 na farkon 2025 NBS ta ce jarin da ya shigo ya kai dala biliyan 5.6, sama da kashi 90 kuma na 'yan takardu ne, ba masu gina masana'anta ba. Ana ta buga ganga wai masu zuba jari sun dawo. Zanen aro ne. Ku duba Turkiyya, sun kai ruwa kashi 50 baƙi suka dawo, aka kama magajin garin Istanbul a Maris 2025, cikin kwanaki babban bankinsu ya yi ta zubar da daloli don tare lira.

DanWapa:
To ni dai zan faɗi abin da na gani, ku zage ni in kun so. Tun da mutanen nan suka dawo dala ta daina hauka. Da, safe farashi daban, la'asar daban, Hajiya ba ta san nawa za ta sa wa atamfa ba. Yanzu tazarar banki da kasuwa ta matse. Mu 'yan canji ribarmu ta ragu ma, amma gari ya huta. In zanen aro ne, ya fi tsirara.

Dalibin_Azhar:
Alhaji, haka Misirawa ke cewa daga 2017 har 2021, kalma da kalma.

Tsohon_Banki:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, abin da ya raba ku shi ne me ake yi da lokacin da aka saya. In Babban Banki yana tara dalar da ke shigowa yana ajiyewa, ranar fita yana da abin sallama. In kuma ana kashe ta wajen riƙe naira a farashin da bai dace ba, to Masar ce. Ni abin da nake dubawa kowane wata: nawa ne OMO da ke cika wa'adi a watanni 3 masu zuwa, gangar mai tana nawa, kuma babban bankin Amurka yana ɗaga ruwa ko yana saukewa. A Mayun 2013 magana kawai shugaban bankin na lokacin, Bernanke, ya yi cewa za su rage sayen takardu, daga Indiya har Afirka ta Kudu kuɗi suka girgiza.

Bazazzagi_82:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Abin da zan kai majalisa yau: a raba bashin da ajiyar gaskiya ba ta allo ba, a haɗa da na babban banki, a tambayi da wane kuɗi za a sallami baƙon. Amma har yanzu ba wanda ya jera mini su. Tsakanin Najeriya da Masar da Gana, wa ya fi zama a kan ƙaya?

Dalibin_Azhar:
Masar, ba tantama. Abin da baƙi ke riƙe da shi a can babban kaso ne na ajiyarsu.

Malam_Lissafi:
Ban yarda kai tsaye ba. Masar tana da Saudiyya da Daular Larabawa da Turai da ba za su bari ta nutse ba, ga Suez ga yawon buɗe ido. Mu in mai ya karye wa zai turo mana biliyan 35?

DanZongo_Kumasi:
Ku cire Gana a jerin, na gaya muku ba ma cikin wannan gasar. In na Yurobond ne ku kira ni.

DanMaradi:
Malam Bazazzagi, kuma ka manta da mu. In abokin naka ya amsa wannan, ka tambaye shi bankin Abijan da ya sayi takardar Nijar da sefa, baƙo ne ko ɗan gida? Ina nan ina jiran abin da majalisar za ta ce.